Wa Ya Taɓa Kai Iyali Bakin Teku a Badagry?

Baban Khalifa, Agege:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Surukata za ta zo daga Gumel a hutun Disamba tare da ƙannen maiɗakina biyu. Tun yanzu Hajiya ta aiko cewa ita ba gada take son gani ba, ba dogayen benaye ba, teku kawai take so ta gani da idonta. Shekarata goma sha ɗaya a Legas amma ko 'ya'yana ban taɓa kaiwa bakin teku ba, abin ya tsaya mini a rai. Ba na son irin wuraren nan na Lekki da ake cika kiɗa da shigar da ba za ka iya tsayawa da surukarka a wurin ba. Wani abokin kasuwa ya ce in gwada Badagry. Don Allah wanda ya san wurin ya yi mini bayani.

Direban Mile 2:
Wa alaikumus salam. Alhaji, hanyar nan ita ce gonata, shekara da shekaru ina bin ta. Daga Agege kada ka sauko Oshodi. Ka bi Iyana-Ipaja, Igando, ka faɗo Iyana-Iba, sai ka miƙe Okokomaiko, Agbara, har shataletalen Badagry. Abu ɗaya: ku fita da an idar da sallar asuba. In rana ta fito muku kafin ku wuce Agbara, to kun shiga cunkoso. Daga Agbara zuwa gaba kuma shingayen bincike sun yi yawa saboda hanyar Seme ce, iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Kowa ya riƙe katin shaidarsa, har yaran da suka tasa, takardun mota kuma su zama cikakku.

Mai Shago, Ijora:
Ni dai ban ga abin ɗaukar tsohuwa a sha wannan wahalar hanya ba. Ruwa ne fa. A hau da ita gadar Third Mainland ta leƙa ta taga, ta ga ruwa iya ganinta, a dawo gida a ci abinci. Kuɗin man zuwa Badagry ya isa a yi mata turmin atamfa biyu.

Maman Ilham, Ajangbadi:
Haba Malam! Wanda ke ƙarƙashin gada ai lagun ne, ruwa ne a kwance. Teku daban. Ranar da na fara kai Innata, tun kafin mu hango shi ta tsaya cik ta ce, wace mota ce ke ruri haka ba ta wucewa? Da muka hau tudun yashin ta gan shi, sai ta zauna a ƙasa tana ta salati, ta fi minti goma ba ta ce da kowa komai ba. Atamfa kam tana da su a akwati. Wannan har yau shi take ba mutanen garinmu labari.

Bahaushen Seme:
Baban Khalifa, ni a nan nake zaune, ina sana'ata tsakanin Badagry da Seme, bari in ba ka yadda za ka tsara yinin.

Garin Badagry kansa ba a bakin teku yake ba, a bakin lagun yake. Titin Marina ya bi gefen ruwan, kuma kusan duk wuraren tarihin suna nan a jere, da ƙafa ma za a iya zagaya su. Akwai benen da ake cewa shi ne bene na farko a Nijeriya, wanda 'yan mishan suka gama a 1845. Akwai gidan tarihi na gwamnati a tsohon ofishin Di'o, ginin 1863. Akwai gidan iyalin Mobee inda suka ajiye sarƙoƙin bayi, da gidan Seriki Abass. In kun gama da waɗannan sai ku shiga kwale-kwale mai inji ku haye zuwa Gberefu, hayin ba ya ɗaukar minti biyar. Daga inda aka sauke ku akwai tafiyar ƙafa cikin yashi kamar ta minti ashirin zuwa talatin kafin ku iso teku. Hanyar da ake kora bayi ke nan zuwa jirgi.

Saboda Hajiya, a ɗaukar mata babur daga bakin ruwa, akwai masu yi. Yashin yana cin ƙafa, inuwa kuma ba yawa. Ku yi ƙoƙari ku haye kafin sha ɗaya na safe.

In kuma kun ga ba za ta iya kwale-kwale ba, ku wuce gari ku hau hanyar Seme, akwai Suntan Beach, mota tana zuwa har kusa da ruwa, da rumfunan kaba da ake haya. Ranakun aiki shiru wurin yake. Asabar da Lahadi da ranakun biki ne ake cika.

Mai Shago, Ijora:
To ka ji. Benen mishan, gidan bayi. Wannan tarihin Yarabawa ne da Kiristoci, mu ina ruwanmu da shi? Kuma maganar bene na farko ma ban yarda ba. Kano da Katsina ba su da soraye kafin zuwan Bature? Hasumiyar Gobarau fa?

Dattijon Idi-Araba:
Ɗana, a maganar bene ka yi gaskiya. Gobarau ta girmi wannan gini da ɗaruruwan shekaru, abin da ya dace a ce shi ne bene na farko irin ginin Turawa. Na faɗa wa yaron da ya zagaya da mu haka, ya kuma karɓa da ladabi. Amma cewa ba ruwanmu da tarihin wurin, nan ka yi nisa da gaskiya, kuma zan so ka saurare ni.

Baturen nan Clapperton da ya je wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a zuwansa na biyu daga Badagry ya kama hanya, a Disambar 1825. Ya bi ta tsohuwar Oyo, ya haye Kwara a wajen Bussa, ya shiga Zariya da Kano, ya ƙare a Sakkwato inda ya rasu a Afrilun 1827. Yaronsa Lander ya juyo ya sake fitowa ta Badagry. Ka tambayi kanka, da Bature ne ya share wannan hanya? Hanya ce da fatake suka daɗe suna bi. Kanwa da fata da dawaki suna gangarowa, kayan teku suna hawa. Mutane ma suna gangarowa, a ɗaure.

Cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa, daga Ikko zuwa Badagry zuwa Porto-Novo da Ouidah, akwai Hausawa da Nufawa da Barebari, musamman a shekarun yaƙe-yaƙen jihadi da rushewar Oyo. A Bahia ta ƙasar Brazil Hausawa ne suka shirya tawayen bayi a 1807. A babban boren da Musulmi suka yi a can a 1835, cikin watan azumi, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Almajirai ne irin namu, masu allo da tawada. Wani ƙila daga Gumel ɗin ma aka kamo kakansa.

Shi kansa Seriki Abass, ka dubi sunan. Seriki ai sarki ne, kalmarmu ce ta shiga bakin Yarabawa. Bayarabe ne da aka kama yana yaro aka sayar, ya dawo ya zama dillalin bayi da kansa, ya zama shugaban Musulmin garin, ya rasu a 1919. Kabarinsa yana cikin gidan. Na shiga ɗaya daga cikin ɗakunan da ake tsare mutane. Taku uku ne tsawonsa, taku uku faɗinsa, da 'yar taga guda can sama wadda kai ba zai shiga ba. Mai rakiyarmu ya ce mutum arba'in ake cusawa a ciki. Mu shida muka shiga aka turo ƙofa, kafin minti ɗaya na ce a buɗe. Ban ci abincin rana ba ranar.

Mai Shago, Ijora:
Allah ya ƙara girma, Baba. Wallahi ban san da wannan ba. Na janye maganata ta cewa ba ruwanmu da tarihin wurin. Amma ta kuɗin mai tana nan.

Ɗalibar LASU:
Baba ya taɓo abin da ke damuna. Mun je da 'yan ajinmu na LASU, jami'ar jihar Legas, a gidan Mobee aka ce wanda ke so ya ɗaga sarƙar wuya ya ji nauyinta. Sai wasu suka rataya ta suna dariya ana ɗaukarsu hoto. A hanyar Gberefu ma, wurin rijiyar nan da ake cewa ana shayar da bayi ruwanta don su manta gida, har rawa na ga ana yi ana ɗauka a waya. Ni a ganina bai kamata a haɗa shaƙatawa da wannan wuri ba. In wasan ruwa ake so a je Suntan, in Gberefu aka zo a zo da natsuwa. Shimfiɗa tabarma a buɗe kular shinkafa a inda aka raba uwa da ɗanta, zuciyata ba ta ɗauka.

Maman Ilham, Ajangbadi:
Ƙanwata, rawar da hoton sarƙa ina tare da ke ɗari bisa ɗari. Amma cin abinci ban ga laifinsa ba. Mutane fa suna zaune a Gberefu, ƙauye ne, ana haihuwa ana biki ana shanya kifi. Matan da ke sayar da kwakwa a bakin hanyar, da baƙin nan suke ci da 'ya'yansu. In kowa ya zo ya sunkuyar da kai ya juya ba tare da ya sayi ko ƙwallo ɗaya ba, wa aka taimaka? Mu da muka je mun yi wa mamatan addu'a, sannan muka matsa can gefe ƙarƙashin itatuwan kwakwa yara suka ci abincinsu.

Ɗalibar LASU:
Anti, matsawa gefen da kuka yi ai shi ne abin da nake nufi. Ba kowa ke yi ba.

Bahaushen Seme:
Ku duka biyu kuna da gaskiya. Abin da zan ƙara, mutanen wurin Egun ne, su suna kiran kansu Ogu, yarensu daban da Yarbanci ko da yake kusan kowa yana jin Yarbancin. Mutane ne masu kawaici, amma ba sa son a ɗora musu waya a fuska ba sallama. Sau nawa ina ganin baƙo ya tsaya kan mace tana ƙyafe kifi yana ɗaukarta kamar ya ga tsuntsu. A gaisa tukuna, a nemi izini. In kuka ci karo da dodonsu Zangbeto, wanda ke kama da bukkar ciyawa tana juyi, ku ba shi hanya ku wuce, kada yara su bi shi ko su taɓa. Al'adarsu ce, mu baƙi ne.

Kuma Alhaji, in Allah ya sa kun yi sammako sosai, ko kun kwana a garin, ka nemi inda masunta ke jan taru. Wannan ya fi mini duk gidajen tarihin daɗin kallo. Jirgi ne ke fita da tarun ya zagayo da shi cikin teku, a bar igiya biyu a tudu. Sai mutane su yi layi biyu, kowa ya kafa dugadugansa a yashi, ana waƙa ana ja da baya, na ƙarshe ya saki ya dawo gaba ya sake kamawa. Ana ɗaukar sa'o'i. Layukan biyu suna matsowa kusa da juna a hankali har jakar tarun ta fito tana walƙiya, mata na tsaye da robobi suna jira. Baƙo in ya sa hannu ba a hana shi, wani lokaci har a ba shi ɗan kifi. Yarana sun ja sau ɗaya, tafin hannunsu ya yi ja, amma har yau suna roƙo in mayar da su.

Ɗan Yawuri:
Jama'a ku ba ni dama, don duk abin da aka faɗa a sama in ba a kiyaye wannan ba, murna za ta koma ciki.

Ni a bakin Kwara aka haife ni, tun ban iya karatu ba na iya ninƙaya. Ina gaya muku iyon kogi ba ya aiki a tekun nan. Gaɓar tana da gangare, taku uku ka yi ruwa ya kai maka ƙirji. Igiyar in ta daki tudu za ta koma, komawar ce ke kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Akwai kuma wuraren da ruwa ke yin hanya yana komawa ciki da gudu. Abin tsoron, nan ne wurin ya fi kama da kwanciyar hankali, ba kumfa, ba tashin igiya, sai yaro ya ce bari in shiga ta nan. Wanda irin wannan ruwa ya ja, kada ya yi kokawa da shi ya nufo tudu kai tsaye, zai gaji. Ya yi iyo a gicciye, gefe-gefe da gaɓa, har ya fita daga jan.

Na ga wannan da idona. Wani matashi ɗan'uwanmu mai sayar da agogo, ruwa iya gwiwa kawai ya shiga da doguwar riga, ya juya wa teku baya don a ɗauke shi hoto. Igiya ɗaya ta kayar da shi, rigar ta sha ruwa ta naɗe masa ƙafa. Wani masunci ne ya faɗa ya kamo shi ta wuyan riga. Da babu mutumin nan a kusa, da gawa za mu kai Zuru.

Saboda haka: kada a juya wa teku baya. Mata masu hijabi da zane su tsaya inda kumfa ke ƙarewa. Kowane yaro a ba shi babba guda da zai riƙe hannunsa, kada a ce ai muna kallonsu.

Sai kwale-kwale. Dokar LASWA ce, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta Legas, kowa ya sa rigar ruwa, a kuma ɗaure ta, ba a rataya a kafaɗa ba. Wani mai jirgi ya taɓa ce mana ai kusa ne, ba sai mun sa ba, ya kuma ci gaba da ɗiban mutane har bakin jirgin ya kusa shafar ruwa. Na sauka da iyalina na bar masa kuɗin. Ku gama ciniki na zuwa da dawowa kafin ku shiga, kuma ku hayo tun rana ba ta faɗi ba.

Baban Khalifa, Agege:
Allah ya saka da alheri, Malam. Wannan kam zan karanta wa yaran da bakina. To Disamba lokaci ne mai kyau?

Ɗan Yawuri:
Shi ne mafi kyau. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu teku ya fi lafawa, ba ruwan sama. Yuni da Yuli ne ba na ba kowa shawara. Amma lafawa ba ta nufin a shiga.

Uwar Marayu, Mile 12:
Ni tambayata ta mata ce. Wurin kama ruwa fa, da wurin sallah? Tsohuwa ba za ta yini a matse ba.

Maman Ilham, Ajangbadi:
Yaya, a cikin gari akwai masallatai, Musulmi suna da yawa a Badagry. A gama komai a nan kafin a haye. Can hayin kada a dogara da samun wuri mai kyau. A tafi da buta, jarkar ruwa, tabarma, laima, da zane na canji don dole gefen zane ya jiƙe. A sa silifas, yashin rana yana ƙona ƙafa. Abinci a dafo daga gida, sai a ƙara da soyayyen kifi da kwakwa a can. Ku ce a sare muku ɗanya, wadda ba ta ƙosa ba. In kun shanye ruwan ku mayar mata, za ta raba ta biyu da adda, ta fere muku ɗan cokali daga ɓawon ku kankare naman, laushinsa kamar kindirmo. Ledojinku kuma ku dawo da su, shara ta riga ta yi wa gaɓar yawa.

Malamin Islamiyya, Alaba Rago:
Bari in sa baki a kan sallah tunda an taɓo. Ruwan teku mai tsarki ne mai tsarkakewa, hadisi ya inganta cewa ruwansa ana tsarki da shi, mushensa kuma halal ne. Don haka in ruwan jarka ya ƙare, a ɗebo a buta a yi alwala, ba sai an yi taimama ba. Kaguwa da jatan lande ma a mazhabarmu ta Malikiyya ba laifi a ci. Ƙasaru kuwa, tafiyar da ake yi wa ita ce mil 48, daga Agege zuwa Badagry ba ta kai ba, sai ku cika sallarku. Alƙibla a nan tana gabas maso arewa, in kana fuskantar teku to ta koma hagunka, ɗan baya kaɗan.

Ita rijiyar mantuwa da 'yarmu ta ambata, labari ne da masu rakiya ke bayarwa. A ji shi a matsayin tarihin abin da aka yi wa bayin Allah, kada a sha, kada a ɗebo da sunan wani abu.

Baban Khalifa, Agege:
Allah ya gafarta Malam, na gode. Wani ya turo mini cewa in bar Badagry in kai su Lekki Conservation Centre ko Epe. Me kuka gani?

Ɗalibar LASU:
Kawu, na Lekki daji ne da aka killace tun 1990, akwai gadar igiya a saman itatuwa mai tsawon mita 401. 'Yan matan za su so ta, amma Hajiya ba za ta hau ba, tana lilo sosai. Birai kuma suna fizge abinci a hannu. Ba teku a ciki.

Direban Mile 2:
Epe kuma kasuwar kifi ce abin zuwa, kasuwar Oluwo, mata ne ke riƙe da ita, kifi da rai a cikin baho. Amma ita ma bakin lagun ce. Tunda teku tsohuwa ta ce, a kai ta teku.

Baban Khalifa, Agege:
Jama'a, na dawo da labari kamar yadda na yi alkawari. Jiya muka je. Mun bar gida shida saura, tara da 'yan mintuna muna Marina. An tsayar da mu sau da yawa bayan Agbara amma da aka ga iyali ne da katunanmu ba a riƙe mu ba.

Hajiya ta ƙi shiga ɗakin bayin, ta tsaya a bakin ƙofa ta leƙa, ta ce ya isa. Kwale-kwalen da nake tsoron za ta ƙi kuwa ita ta fara shiga, ta sa aka ɗaure mata rigar ruwan a kan hijabi. Babur ma ta ƙi, ta ce hanyar da mutane suka bi da sarƙa a wuya ba za ta bi ta a zaune ba. Mun yi kusan minti arba'in muna tafiya, tana tsayawa tana hutawa a ƙarƙashin laima, carbinta a hannu. Da muka iso ta ce in riƙe ta, muka matsa har inda kumfa ke ƙarewa, ta duƙa ta ɗebi ruwan a tafin hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce ashe da gaske ne gishirin. Ta sa Khalifa ya cika mata gorar ruwa biyu da shi, wai ɗaya tata, ɗaya ta maƙwabciyarta da ta ce ba za ta yarda ba sai ta lasa.

Jan taru ne ba mu samu ba, an riga an gama kafin mu haye.

Bahaushen Seme:
Masha Allah, Alhaji. Taru sai an kwana. In za ku dawo ka yi mini magana kwana biyu kafin nan, in tambayi masuntan ranar da za su fita.

Mai Shago, Ijora:
Direba, motarka mutum nawa take ɗauka? Mu tara ne har da tsohona, kuma Lahadi kaɗai nake rufe shago.